Lambar da ke Hannun Baba

"Ba lallai ne yana fahimtar maganarki ba," in ji likita, ya fita ya bar ni da Baba.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi bai ce uffan ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, wanda ko lambar waya ya gani sai ya tsare mu: "Uku za ta raba ta?" Shi ya koya mana dabarar: ka tara alƙaluman, in uku ta raba jimillar, ta raba lambar komai girmanta.

Na juya robar asibiti da ke wuyan hannunsa, na karanta lambar da ƙarfi: 4718263. Na tara a zuci, talatin da ɗaya.

"Baba, ka ga taka? Uku ta raba ta cif, babu saura."

Har na ɗauki jakata, sai na ga ya haɗe gira, irin haɗewar da ke sa mu neman wurin ɓuya muna yara. Leɓensa ya motsa da ƙyar.

"Saura... ɗaya."

"Na sani, Baba," na ce, ina dariya hawaye na zuba.