Rigo Ya Tsallaka Kudu

Rigo ya tsallaka iyaka zuwa Meziko, alhali ya san ba shi da takardar komawa Amurka. Ya bar aikin gonar inabi, ya bar komai, saboda Efrain, abokinsa na ƙuruciya da aka koro tuni. Kullum a waya muryar Efrain sai ƙara mutuwa take yi.

Bai gaya masa zai zo ba. So yake kawai ya gan shi kwatsam.

Yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan, wayarsa ta yi ƙara.

"Kai, ɗan iska, fito!" Efrain ne, yana haki yana dariya. "Ta hamada na biyo, ƙafafuna duk sun fashe. Ga ni a ƙofar ɗakinka. Kana ina?"

Rigo ya juya, ya tsura wa katangar iyaka ido.