Karsanar Baiko da Takardar Kano

Ranar kasuwar garin Isa, Hajo ta sauke ƙwaryar nononta a ƙofar ɗakin magani, inda Yari, malamin asibitin da ya kai karsana rugarsu don baikonta, yake dafa allurai. Bai iya haɗa ido da ita ba. Takarda ya miƙo mata, ya manta ba ta da boko.

"Likita Bature ya zaɓe ni ƙarin karatu," ya ce. "Shekara biyar a Kano. In na dawo na bar wankin gyambo, albashin wata guda ya sayi bijimi."

Hajo ta riƙe takardar a juye. Ta jira zafi ya taso mata a ƙirji, bai taso ba. Ƙudan da ke yawo bisa faifan ƙwaryar kawai take kallo.

"Ana zuwa da mata?"

"Ba a yarda ba."

Ta auna shekarun yadda makiyaya ke aunawa. "Haihuwa uku ke nan ga karsanarka. Baffa ba shi riƙon saniyar wani haka."

"Ki jira ni, Hajo."

Ta zuba masa ludayi biyu kamar kullum, ta aza ƙwaryar a ka.

"Ka aiko gobe a tai da karsanarka. Su zo da igiya, ta saba da ni."