Babban Yatsan Mai Ɗinkin Hula

Kai da ka zo kana huci don tsohuwarka ta yi maka ɓarna ba da gangan ba, zauna ka sha ruwa in ba ka misali.

An yi wani dattijo mai ɗinkin hula, wanda abincin gidansa kaf ya rataya a kan babban yatsansa da manuni, don da su yake riƙe allura. Tun suna ango da amarya matarsa ce ke yanke masa farce kowace Juma'a da hantsi, kafin ya yi wankan masallaci. Takan shimfiɗa tabarma, ta ɗora hannunsa a cinyarta, ta ɓare sabuwar reza, tana yanka tana yi masa tsiya wai farcensa ya fi kofaton akuya tauri. Ko mai yankan farce ya zo wucewa yana kaɗa almakashi, dattijo ba ya ko ɗaga kai. Ana nan tsufa ya zo, idonta ya fara hazo. Ita ba ta faɗa ba, shi ma da ya lura ya ja bakinsa. Wata Juma'a tana bin lungun farcen babban yatsa, don ta saba ƙwaƙule shi tas, sai reza ta shiga nama. Ya ji zafin har ƙwaƙwalwa, amma ya yi mata kara: ya dunƙule hannu, ya ce madalla, ya tashi. A bayan ɗaki ya barbaɗa toka, ya naɗe da tsumma, ya ce wa kowa allura ce ta soke shi. Ka ji wauta irin ta masu ƙauna! Da a take ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta ya nuna wa ma'aikacin lafiya, da magana ta ƙare, amma ya gwammace ya sha wuya da matarsa ta ji kunya. Ba a jima ba yatsa ya kumbura ya yi ruwa, zugi ya hana shi sakat, allura ta gagara riƙuwa. Da 'ya'yansa suka kai shi asibiti, likita ya tsaga ya matse mugunya, ya ce saura ƙiris da sai an datse yatsan, kuma wannan yankan reza ne, ba sukar allura ba. A nan asiri ya tonu.

'Ya'ya suka yi faɗa, irin faɗan wanda ya tsorata. Suka kwashe rezojin gidan, suka ce daga yau Inna ta huta, mai yankan farce za a riƙa kira. Tsohuwa ta daina tsiya, ta daina zama kusa da shi, in ta kawo abinci sai ta ajiye ta juya kamar baƙuwa a gidanta. Wallahi wannan ya fi yatsan yi masa ciwo. Da rauni ya warke, ya sa aka kai ta aka auna mata tabarau, ya sayo ɗan abin yankan farce na ƙarfe wanda ake matsawa, ya wanke shi tas. Ranar Juma'a ya sallami mai almakashi tun daga zaure, ya ja tabarma tsakar gida inda haske ya fi, ya jiƙa hannuwansa a ruwan ɗumi har farce ya yi laushi, sannan ya kira ta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ni da na kusa raba ka da sana'arka?" Ya ce, "Ke kika yanka, ni na ɓoye, laifina ya fi naki. Zo ki yanke a miƙe ki bar lungun, in na ji zafi yau zan faɗa." Ta zo ta zauna, hawaye na jiƙa sabon tabarau. Yatsu goma gare shi, amma mai tabon nan shi ya fara miƙa mata.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.