Ruwan Wankan Ladidi

Tun da aka kafa sabon famfo a unguwar, ba ya ba kowa ruwa sai ya ga murmushi. Masu shi sun ce don mutane su riƙa fara yini da fara'a ne. A gidan Tabawa fuska biyu ya sani, tata da ta 'yarta Ladidi. Yau kuwa Ladidi ce kwance a ɗaki an lulluɓe ta da zane, mata na jiran ruwan yi mata wanka.

Tabawa ta dire bokiti ta tsaya gaban gilashinsa. Famfon ya ce da muryar nan tasa mai zaƙi, "Barka da hantsi! A ɗan saki fuska."

Ta juya wajen mai gadi. "Ɗan'asabe, buɗe min. Masu jana'iza na ƙofar gida."

"Inna, Allah ya jiƙanta. Wallahi ba shi da makulli."

"To yi masa dariyar kai."

"Na ɗebi rabona tun da safe, ba zai ƙara min ba."

Ta zabga wa ƙarfen mari. "Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙera ka!"

"Saura kaɗan!" in ji famfon.

Sai ta sa yatsu biyu ta tura gefen bakinta sama, hawaye na bin bayan hannunta. Ruwa ya ɓalle.

"Madalla! Mun ji daɗin ganin ki cikin farin ciki."

Haka ta riƙe bakin har bokitin ya cika, don da ta saki, ruwan zai ɗauke.