Tumatirin Muhsin

Kunya ta uku a lambun ce ta fara langaɓewa. Da safe tumatirin yana tsaye, kafin azahar ganyen ya sunkuya, gefe guda ya yi rawaya kamar an watsa masa ruwan zafi.

Barira ta daina cin abincin kirki. Lambun na ɗanta Muhsin ne, a fadamar Geza, kuma sai da ta yi kuka ya yarda ya shuka. Ya riga ya faɗa mata, in bana ma bai yi ba, zai bi abokansa masu ɗaura jarkokin fetur a babur suna tsallakawa Benin ta daji. Akwai wanda ya tafi haka, har yau uwarsa na jira.

Yaron bai yi sakaci ba. Ya bar tsohon lambun marigayi babansa, wanda tumatirinsa ya langaɓe ya bushe tun shekarar rasuwar, ya kama sabon wuri. Ya canza iri. Ya raba hanyar ruwa da maƙwabcinsa Yero, har suka daina gaisawa.

Ita ke kai masa fura da hantsi. Ta ajiye ƙwarya, ta bi kunya-kunya tana addu'a, ba ta tsallake ko ɗaya.

Malamin gona ya zo ya tsaga kara guda, cikinsa ya yi duhu. Barira na can nesa gindin mangwaro, ba ta jin abin da ake faɗa, don ba ta shiga zancen maza.

"Wata irin fumfuna ce," in ji malamin. "Akwai wani abu a halittarta da ke toshe wa tumatir ji, ba ya sanin an shige shi balle ya kare kansa. A ƙasa take zama shekara da shekaru. Ba ta zuwa sabon wuri sai an ɗauko ta."

"To wa zai kawo mini ita?" in ji Muhsin.

Da la'asar Barira ta tarar da Muhsin da jarkoki a zaure.

"Inna, na yi iya yina."

"Ka dubi Allah ka ƙara haƙuri, ɗan nan. Kunyoyin gabas ai da sauransu."

Ya ci gaba da jera jarkokinsa.

Washegari ta nufi kunyoyin gabas, ta kwance ƙullin da ke bakin zaninta. Kullum ɗan barbaɗe take yi a ɓoye. Yau kam, don albarkar ta isa, hannu cike ta zuba wa kowane gindi ƙasar lambun babansa.