Mai Amya da Ƙudan Zuma

Kai da kake cewa tunanin gobe ya hana ka cin tuwo, gyara zama ka ji. An yi wani mutum da kogi ya cinye masa gona, bai bar masa ko kunya ɗaya ba. Ga iyali, ga rumbu ya kusa ƙasa. Sai ya saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya ɗaura a kan ɗorawar bayan gidansu. Idan zuma ta shiga, gida ya ci abinci har damina. Idan ba ta shiga ba, sai yadda Allah ya yi. To, aiki ya yi kyau, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Yana sallame salla sai ya haye bishiya, ya buɗe murfi, ya leƙa, ya sake ɗauri. Ko a cikin sujada ma amyar yake gani. Ƙudan zuma kuwa sukan zo su kewaya, su tarar da ƙato a bakin ƙofa yana haki, su yi gaba abinsu. Mutum ya rame, abin tausayi, wuyansa duk jijiya.

Ran nan reshe ya zame masa, ya faɗo, ƙafa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya hana shi motsi. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsakar gida, inda yake hango ɗorawar. Da fari har kuka ya yi. Matarsa ta ce, "Malam, ka gama naka. Bar wa Mai ƙudan ya koro su." Ya ɗauki carbi. Kwanaki suka yi ta wucewa a hankali. Jajayen furannin ɗorawa suna lilo, iska tana kawo ƙamshinsu, shi kuma yana jan carbi yana gyangyaɗi, har ya manta da abin da yake jira. Wata rana da hantsi, tsakanin barci da farke, ya ji wani irin ƙugi kamar ruwa yana tahowa daga nesa. Ya buɗe ido, ya ga baƙin gungu ya sauko daga sama, ya kewaye bishiyar, ya shige amyar nan da ba wanda ya taɓa tun ranar da ya faɗo. Kafin ƙafa ta warke ya ajiye sanda, reshen har ya sunkuya don nauyi.

Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce zafin nema ba ya kawo samu.