Gawayin Abarci

Tun da mata suka fara rububin gawayin nan, Abarci bai ƙara yin tafiya irin ta mutane ba. In ya ratsa kasuwar Dakoro sai ka rantse kiɗa ake yi masa.

Ɗan garin ne, ya yi karatu a babbar makaranta a Dakar zamanin mulkin Faransa, ya dawo da injin matsa da kuɗin bincike na gwamnati. Aikinsa shi ne ya mai da ɓawon gyaɗa da karan hatsi gawayi: a ƙona, a daka, a kwaɓa da ƙaro, a matse dunƙule-dunƙule. Sharaɗin ɗaya ne. In mata suka bar itace suka koma gawayin, a ci gaba da ba shi kuɗi. In suka ƙi, a kwashe injin, ya koma bariki yi wa kumandan tafinta, aikin da ya tsana kamar ciwon haƙori.

Da farko a kwando ya jera shi bakin kasuwa, kyauta. Ko akuya ba ta sunsuna ba. Sai da buhunan gwamnati na zuba gawayin suka iso daga Maradi, farare fat, na auduga, kowanne da tambarin shuɗin zakara, sannan gari ya rikice. Mata daga Mai Yara, makiyaya daga Azagor bisa jakuna, har tsofaffin da suka daina girki, kowa sai ya samu nasa.

"Goggo, kawo ƙwaryarki in zuba maki," ya ce wa Lalla, ƙanwar babansa.

"A'a ɗana, bar shi cikin abinshi kar iska ya ɓata shi. Miƙo min babban, wanga ya yi min kaɗan."

Abarci ya yi dariya har da ƙwalla. Ka ji tsohuwa ta gane ilimi! Da rawa ya shiga gida, ya kama hannun matarsa Shafa'atu ya juya ta a tsakar gida. Komai ya yi masa daɗi. Ko da ya ji keken Mamani tela ba ya hutawa, duk da tsadar yadi a shekarar, cewa ya yi ai kuɗin itace ne suka huta suka koma ɗinki.

Ranar da Baturen da zai duba aikin ya iso, gari ya fito fari sol. Shafa'atu ma ta miƙo masa sabuwar riga. Ya saka, ya ji kansa ya kai sama.

Suka shiga gidan farko, itace ne a murhu. Na biyu, busasshen kashin shanu. A gidan Goggo Lalla, itace kuma. Bature ya ɗaga gira.

"Tsabar so ne, Mushe, adana shi suke sai Sallah!" Abarci ya ce wa Baturen. "Bari in hura maka da kaina."

Aka kwaso masa gawayi daga wani baƙin tsibi a bayan danga. Don kar ya ɓata kyautar Shafa'atu, ya zare rigar ta kai, ta fito a juye, ya rataye ta a dangar. Ya durƙusa ya yi ta hurawa. Gawayi ya kama, ja jawur, ba ko ɗigon hayaƙi!

Ya miƙe yana tafi, yana kiran kowa ya zo ya gani. Ba wanda ke kallon wutar. Goggo ta toshe baki da gefen farin zanenta, Shafa'atu ta sunkuyar da kai, Bature kuwa ya ƙura wa danga ido.

Abarci ya waiwaya: a cikin bayan sabuwar rigarsa, ga shuɗin zakaran gwamnati nan tsaye, ya miƙe wuya kamar zai yi cara.